Koriyar Motar Jatau

Shekara ashirin da takwas ina facin taya a gefen garejin Jatau, a bakin hanyar da ta fita daga Talata Mafara zuwa Maradun. Zana ɗaya ce ta raba rumfata da tasa. Ba zan ce mu abokai ba ne. Ya girme ni da shekara goma, kuma irin mutanen nan ne da in ka ba shi aron sifana zai dawo maka da ita a goge, sannan ya tsaya ya gaya maka yadda ka bar ta da datti. Amma zama wuri ɗaya ya sa na san shi fiye da yadda nake so.

Asalinsa mutumin Bakura ne. Yana ɗan shekara goma sha tara aka fara aikin madatsar ruwa ta Bakolori, ya bar gonar ubansa ya zo lebura. Daga lebura ya koma wankin motoci, daga nan wani direba ya ga yana da hannu ya koya masa tuƙi. A can ya haɗu da motar: Landiroba koriya, gajera, mai rufin tamfol, da tayar safaya ɗaure a kan bonet. Masu awon ƙasa take kaiwa cikin daji. Da aiki ya ƙare aka yi gwanjon tsofaffin motoci, masu hankali suka nufi tifa da a-kori-kura, shi kuwa ya kafe a kan wannan. Gonarsa ta gado ya sayar ya karɓe ta, 'yan'uwansa suka shekara biyu suna amsa gaisuwarsa da ƙyar.

Ga wanda bai taɓa shiga irinta ba, sanduna uku ne a ƙasa kusa da ƙafar direba. Akwai giya irin ta kowace mota, akwai ƙarama mai rawayan kai, akwai mai jan kai. In hanya ta ɓaci sai ka danna rawaya, tayoyin huɗu su kama aiki. In ta ɓaci ƙwarai, laka ce ko yashin rafi, sai ka ja jar sanda baya. Daga nan mota ta daina sauri, mai tafiya a ƙasa ma yana iya wuce ta, amma babu abin da ke tsayar da ita. Kuma takan riƙa wani kuka siriri mai tsawo, wanda ake ji tun daga nesa.

A wancan zamani, da damina ta kankama ƙauyukan bayan Faru da Kaya da na wajen Garbadu sun zama tsibiri ke nan. Motar Jatau kaɗai ke shiga. Ta ɗauki buhunan shinkafa, ta ɗauki marasa lafiya, har amare ta kai da farko. Sai aka fara zuwa masa da gawa. Mutumin ƙauye ya cika a asibiti, danginsa suna son a rufe shi kusa da iyayensa kafin rana ta faɗi. Sauran direbobi ba sa yarda, suna cewa fasinja na gudun motar da ta ɗauki mamaci. Jatau bai taɓa cewa a'a ba. Direbobin kuwa sun yi gaskiya. Amare suka fara janyewa, sai 'yan kasuwa, har ta kai mai ciwo ma ya fi son a goya shi a keke. Ban san wanda ya fara sa mata suna Makara ba, amma sunan ya bi ta, har yara na faɗa a gabansa.

Yanzu ga abin da ya kamata a riƙe a labarin nan. In Jatau ya ɗauko kaya ko mai rai, da gudu yake shiga gari, yana danna hon tun daga gonaki. In gawa ce, da ya hango rufin ɗakuna sai ya ja jar sanda ko da hanyar busasshiya ce, ya ɗauke hannu daga hon, ya shiga yana rarrafe. Shi dai don kada ya jijjiga mamaci yake yi. Amma mutanen ƙauye suka koyi abin ba tare da an koya musu ba. Da sun ji kukan nan siriri babu hon, maza su ɗauki magirbi da shebur su nufi maƙabarta, mata su ɗora ruwa, liman ya fito. Kafin mota ta tsaya kowa ya riga ya sani. Wannan ya yi wa Jatau daidai, domin mutum ne da bakinsa ba ya iya ɗaukar mugun labari. Ko tayar mutum ce ta mutu, wurina yake turo shi in faɗa masa. Shekara kusan talatin yana kai gawa, bai taɓa buɗe baki ya ce wa kowa wane ya rasu ba.

Daga baya duniya ta sauya. Babura suka cika gari, aka gyara wasu hanyoyi, wayar hannu ta zo. Injin motar kuma ya buga a hanyar Bakura, shanun huɗa suka jawo ta gida. Aka ajiye ta ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan gareji, Jatau ya koma gyaran motocin mutane. Shekara tara tana nan. Tamfol ya ruɓe, tayoyi suka nutse, kajin matarsa Turai suka mai da wurin zaman direba ɗakin ƙwai. Ni kaina a cikinta nake ajiye tsofaffin tif na taya.

Abin da ya tashe shi, masu zubin tukwane ne. Jikin motar alminiyon ne, shi ya sa bai yi tsatsa ba, su kuwa irinsa suke narkawa. Wani daga cikinsu ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa, ya ce a sayar masa da Makarar nan, ko banza ta zama tukunyar biki ta huta da ɗaukar matattu. Da wasa ya faɗa, ni ma na yi dariya. Jatau bai yi ba. Bayan mutumin ya tafi ya ce da ni ta saman zana: "Mas'ud, wagga mota ba ta barin duniya da wanga suna. Ko sau guda sai ta kai mai rai gida ana murna." Na ce Allah ya ba da sa'a, a raina kuwa na ce tsufa ya fara taɓa shi.

Shekara uku ya yi a kanta. Ya sauke injin ya baje shi a kan tabarma, kowane ƙusa da gwangwaninsa. Ya ji labarin wata irinta da ta mutu a wata tsohuwar gonar shinkafa a Bakura, ya je ya tarar an mai da ita akurkin talo-talo, ya yi zarya sau biyar kafin mai gonar ya bar shi ya kwance akwatin giya da kafireto. Sifirin ɗinta wani maƙeri a Maradun ya mayar wa wuta ɗaya bayan ɗaya. Tamfol wani tela mai ɗinkin rumfar biki ya ɗinka, sau biyu Jatau yana sa shi ya farke. A kan fenti ne muka kusa ɓatawa. Na ce tunda sunan yake so a manta, ya yi mata fari ko shuɗi. Ya ce ba wata mota yake so a yaba ba, wannan ɗin yake so. Ya kwance wani ɗan faranti daga ƙarƙashin sitiyari inda rana ba ta taɓa gani ba, ya kai wa mai fenti, ya zauna a kansa yini guda har koren ya zo daidai. Tayoyi ni na nemo, kuma har yau bai ce sun yi kyau ba.

Ana saura kwana uku Babbar Salla motar ta tashi. Ya zuba mai, ya sa ƙarfen juyi a gaba ya murɗa, ta yi tari sau biyu ta kama. Duk layin gareji aka taru. Ranar Salla bayan an sauko daga idi ya zagaya gari da ita a wanke, samari suka yi ta tsayar da shi suna ɗaukar hoto da waya, wasu a kan bonet, wasu riƙe da sitiyari. Wani attajiri ya aiko a tambaya ko ta sayarwa ce, Jatau ya ce a gaishe shi. Amma na lura da abin da shi ma ya lura da shi: babu wanda ya hau baya ya zauna. Iyayensu sun gaya musu. Ya tsaya ƙofar gida ya ce Turai ta zo su zagaya, ta leƙo daga zaure ta ce: "Malam, in na mutu ka sa ni, ban hana ka ba. Da raina dai ba ni shiga." Ya mai da motar ƙarƙashin dogon yaro ya rufe.

Daminar ce aka rufe layukan waya a jiharmu saboda halin da ake ciki, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura. Rana ɗaya muka koma zamanin da, labari sai wanda ƙafa ta kai. Ana cikin haka wata safiya wani matashi mai suna Ishaq ya zo gareji. Bayan doguwar gaisuwa ya ce shi daga Tungar Ɗantala yake, can bayan Faru. Kwana takwas da suka wuce haihuwa ta zo wa matarsa Zuhura da gardama, aka kawo ta asibiti aka yi mata aiki, an samu ɗiya mace, yau aka sallame su. Gidan uwarta za a kai ta wanka, amma da ɗinki a ciki ba ta iya hawan babur, kuma babu motar da ta yarda ta shiga hanyar. "Baba, an ce mini motarka ka shiga," in ji shi. Jatau ya tambaye shi ko ya san sunan motar. Ishaq ya ce ya sani, shi dai matarsa ta isa gida.

Ban taɓa ganin Jatau ya yi rawar jiki ba sai ranar. Ya aika gida aka kawo katifarsa ta kwana ya shimfiɗa a baya. Ya ce in zo mu tafi saboda taya. Muka ɗauki Zuhura da jaririya da gwaggonta Taiba mai jinya, Ishaq ya zauna kusa da su, muka kama hanya da hantsi don mu dawo kafin la'asar, tunda ba lokacin yin yamma a daji ba ne.

Har Faru lafiya lau. Daga nan hanya ta zama kunu. Muka zo rafin da ke gaban tungar, Jatau ya ja jar sanda, mota ta shiga ruwa har gindin ƙofa ta fito tana ɗiga. Daga rafin zuwa gari bai fi tafiyar rabin awa a ƙasa ba, kuma hanyar ta ɗan yi dama, yana iya mayar da sanda ya taka. Amma duk ramin da muka faɗa sai mu ji Zuhura ta ja numfashi. Sai ya bar ta a jar sanda. Na ga hannunsa ya nufi hon, ya waiga ya ga jaririya na barci, ya janye. Murmushi yake yi. Ni da shi mun san abin da kukan nan yake nufi a wannan yanki, kuma wallahi babu wanda ya tuna a cikinmu. Shekara goma sha biyu rabon da motar ta shiga ƙauye, mun ɗauka abin ya wuce.

Tsofaffin tungar ba su manta ba. Kwana takwas ba su da labarin Zuhura, sun san dai a kwance aka fita da ita. Farkon abin da na gani maza huɗu ne sun ratsa gonar dawa da magirbi a kafaɗa. Ban gane ba sai da koke-koken mata ya iso mu. Na ce: "Malam, hon!" Ya danna, amma mun riga mun shiga gari. Ishaq ya diro yana ɗaga hannu yana cewa lafiya, lafiya lau, ga ta nan da ranta. Aka sauko da Zuhura, aka miƙo jaririya, kuka ya rikiɗe ya zama guɗa, masu magirbi suka dawo suna dariya suna jin kunya. Na ɗan lokaci Jatau ya samu abin da ya shekara uku yana nema, har wata tsohuwa ta shafa bonet tana sa albarka.

Sai aka lura uwar mai jego ba ta fito ba. Sunanta Kyauta, Zuhura ce autarta. A cikin motar nan aka kawo mata mijinta, a cikinta aka kawo babban ɗanta Tijjani, duka da wannan kuka. Tana tankaɗe ta ji shi karo na uku. Aka same ta zaune jingine da turmi, rariya a cinya, baki ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Dama tana da hawan jini. Aka kawo mata jaririya gabanta, ta kalle ta da ido ɗaya yana zubar da ruwa, ba ta iya cewa komai ba.

A kan katifar da aka sauke ɗiyar aka ɗora uwar, Taiba ta sake hawa. Tun daga ƙofar gidan har Mafara Jatau bai ɗauke hannu daga hon ba, ko a dajin da babu kowa. Haushinsa nake ji, ina kuma jin haushin kaina, domin kunnuwa biyu ne da ni kamar kowa.

Kwana goma sha ɗaya Kyauta ta yi a asibiti. Kullum Turai na dafa kunu Jatau na kaiwa, ya tsaya daga waje ya miƙa wa Taiba. A rana ta takwas ta fara motsa yatsu, har ta kira sunan Zuhura. Wani ɗan tungar da ya zo gari ya koma da albishir cewa ta samu sauƙi, an kusa sallama. A rana ta goma sha ɗaya da safe ta cika.

Mu uku muka kai ta, ni da shi a gaba, Taiba a baya da gawar, an sauke tamfol an ɗaure. Da muka haye rafin ya bar jar sanda a inda take, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari. Na ce ko in sauka in yi gaba da ƙafa in sanar. Ya girgiza kai ya ce: "Bari. Sun san kukanta, suna ji."

Sun ji kuwa. Amma tun ranar farko mai unguwa ya tara su ya ce daga yau kada wanda ya ƙara yanke hukunci da kukan mota, ga abin da ya jawo. Ga kuma albishir ɗin kwana uku da suka wuce. A ganinsu Jatau na lallaɓa marar lafiya ne kamar yadda ya lallaɓo mai jego. Yara suka tarye mu tun daga gonaki suna bin mota suna tsalle. Mata suka fito da guɗa, an share ƙofar gida, wata ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Babu magirbi ko ɗaya. Na ji tsoro ƙwarai, na kasa ɗaga kai.

Ya tsaya ya kashe inji. Taiba ba ta iya fitowa sai an kwance mata tamfol daga waje. Zuhura ce ta fara isowa, tana takawa a hankali saboda ɗinki, jaririya a kafaɗa. Ta tsaya a tagar direba ta rusuna ta ce: "Baba, sannunku da hanya. Ya jikin Inna? Tana iya sauka da kanta ko a kama ta?"

Jatau ya dube ni. Na san wannan kallon, shi ne wanda yake yi mini in tayar mutum ta mutu. Na kau da kai, domin wannan ba tawa ba ce. Ya buɗe ƙofa ya sauko, ya cire hularsa ya sake mayarwa. Guɗa ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Ya ce: "Ɗiyata, sai hanƙuri. Allah ya karɓi abinai. Innarki ta rasu da sahe." Da muryarsa ya faɗa, kowa ya ji. Sannan ya karɓi magirbi daga wani gida ya bi maza maƙabarta, tsoho mai shekara sittin da biyar, babu wanda ya iya karɓe shi daga hannunsa sai da aka gama.

Motar tana nan tana aiki. Tun da aka ga ta kawo mai jego mutane suka daina gudunta, bara ma amarya ta kai Kaya, sunan Makara sai a bakin tsofaffi. Turai ta shiga sau ɗaya, ta ce kujerar da tauri. Na taɓa ce masa ai buri ya cika, ya ce in mai da hankali kan facina. Hon ɗin kuwa ya kwance shi, yana cikin gwangwanin ƙusoshi. Duk garin da ya je yanzu, ko me ya ɗauko, yakan kashe mota a bakin gonaki ya bar ta nan, ya shiga da ƙafa ya faɗa da bakinsa, sannan ya dawo ya tada ta.